Dabino da Ƙananan Yara: Nawa Za a Ba Su, Kuma Ta Yaya?



Kakar dabino ta kama a Fezzan. Daga nan Zighan zuwa Samnu da Tamanhint, har gonakin da ke kewaye da Sabha, da yawa daga cikinku kuna fita tun asuba aikin sara da tsinta da ɗaurin buhu. Da yamma kusan kowa yana dawowa da leda ko kwano cike da dabino, wani kyauta aka ba shi, wani a bakin ladan aikinsa. Duk ɗakin da muka leƙa akwai dabino a shanye. Yaron da ke tatata a tsakar gida kuwa da wuya a ga hannunsa babu guda.

Shi ya sa tambaya ɗaya take ta dawowa a ranakun da muke zaman sauraron jama'a. Wata dattijuwa 'yar Ingal, da ta ji ma'aikaciyar lafiya ta ce a rage ba jikanta dabino, ta juyo wajenmu ta ce: "'Ya'yan nan, ku gaya mata da dabino aka raine mu, ga mu nan da ranmu da lafiyarmu. Yau kuma shi ne ya zama abin tsoro?" Muka ce: "Inna, ba a ce a hana shi ba. Bari mu je mu jiyo bayanin sosai mu kawo miki." Mun zauna da ma'aikatan lafiya, mun yi musu tambayoyinku ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka samo ke nan muka rubuta da Hausa, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Amsa a taƙaice

Dabino abinci ne mai kyau, haka ma zabibi da busasshen ɓaure. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku zai iya cin su. Amma sai an cire ƙwallo, an tausasa, an yanka ƙanana, a ba shi kaɗan tare da abincinsa, yana zaune, babba yana kallonsa. Abin da ke cutarwa shi ne a miƙa wa yaro dabino da ƙwallonsa ya tafi yawo, ko a bar shi yana ci tun safe har dare a madadin abinci. Inna ta yi gaskiya, dabino ya raini mutane da yawa. Sai dai a gida ana haɗa shi da nonon akuya da na raƙumi da furar gero. A nan, yara da yawa dabinon ne kaɗai a hannunsu, sai burodi da shayi.

Abin da bushewa ke yi wa ɗan itace

Idan aka shanya ɗan itace, ruwansa ne ke tafiya, sukarinsa yana nan. Ɗanyen inabi kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. A gram 100 na inabi akwai sukari kamar gram 16, amma a gram 100 na zabibi, wato inabin da ya bushe, sukarin ya kai gram 60. Yaron da ya ci zabibi cikin tafin hannu ɗaya, tamkar ya ci inabi cikin tafi huɗu ne, kuma bai sami ruwan da ke cikinsa ba.

Busasshen dabino ma haka yake. A gram 100, bayan an cire ƙwallo, akwai sukari sama da gram 60, da ƙarfin abinci kamar kalori 280. Ƙaramin dabino guda ɗaya yana ɗauke da sukari kusan gram 5, wato ya ɗan fi cikin ƙaramin cokalin shayi. Manyan nan masu taushi, guda ɗaya kan kai cokali uku zuwa huɗu.

Akwai alheri a cikinsa ban da zaƙi. Yana da sinadarin fotashiyam, yana da zare-zaren da ke taimaka wa hanji ya yi aiki, shi ya sa yake sassauta cikin yaron da bayan gida ke yi wa wuya. Ya fi alewa da biskit da lemon kwalba nesa ba kusa ba, domin su sukari ne aka zuba musu. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan shan sukari, kuma ba ta lissafa sukarin da ke cikin ɗan itace cikakke a jerin wanda ta ce a rage ba. Amma ta lissafa zuma, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, da duk wani ruwan zaƙi mai kauri. Saboda haka rub, wato ruwan dabinon nan da mutanen Libiya ke zubawa a kan asida, hukuncinsa hukuncin sukari ne. A ɗiga wa yaro kaɗan a abinci, kada a dama masa a kofi ya sha.

Abin da dabino ba shi da shi kuma shi ne abin da jikin yaro ya fi nema a wannan shekaru. Sinadarin gina jiki da ke cikin gram 100 na dabino bai wuce gram 2 da ɗan abu ba. Maiƙo kusan babu. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kamar miligram 1 ne, alhali yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar kamar miligram 7 a kowace rana. Bitamin C kuwa mafi yawansa yana lalacewa wajen shanya. Maganar da ake yi cewa dabino yana ƙara wa yaro jini, akwai ɗan ƙamshin gaskiya, amma hanta da nama da kifi da wake sun fi shi wannan aiki sosai.

Ƙaramin ciki, saurin cika

Wannan ita ce matsalar da ba a gani da wuri. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar kofi ɗaya a zama ɗaya. Yaron da ke tsakanin wata 12 da wata 23, idan yana shan nono, yana bukatar kamar kalori 550 a rana daga abinci, ban da nonon. Ƙananan dabino goma sun kai kalori 200. Ke nan idan ya ci goma kafin azahar, ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na rabonsa na yini, kuma abin gina jiki da ya samu bai kai gram 2 ba. Ƙwai ɗaya tak yana ba shi gram 6.

Sai uwa ta dawo daga gona a gajiye, ta dafa abinci, ta sa masa a gaba, ya kau da kai. Ta ce ai ya ƙoshi. Lalle cikinsa ya cika, amma jikinsa bai sami abin da zai gina tsoka da ƙashi da jini ba. Kuma bakin da ya saba da zaƙi yakan ƙi wake da miya. Kwana da kwanaki a haka, sai a ga yaro ba ya ƙara nauyi, idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, gashinsa ya yi laushi ya soma ja, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Hanyar tamowa ke nan, kuma tana iya kama yaron da bai taɓa kwana da yunwa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF sun kasa abincin yara 'yan wata 6 zuwa 23 gida takwas, suka ce a yi ƙoƙari yaro ya ci daga aƙalla biyar a kowace rana:

1. Nonon uwa.
2. Hatsi da saiwoyi: gero, shinkafa, burodi, makaroni, kuskus, dankali.
3. Wake, adas, gyaɗa da riɗi.
4. Madara, kindirmo da cuku.
5. Nama, hanta, kifi, har da kifin gwangwani.
6. Ƙwai.
7. Kayan lambu da 'ya'yan itace masu launin ja ko ɗorawa, da ganye mai duhun kore: karas, kabewa, mangwaro, alayyafo, zogale.
8. Sauran kayan lambu da 'ya'yan itace.

Dabino yana cikin gida na takwas. Ko yaro ya ci kwano guda, gida ɗaya ya taɓa. Mun san ba kullum ake samun nama ba, kuma ba mu rubuta wannan don mu ɗora wa kowa laifi ba. Amma yaron da ya sha nono, ya sha kunun gero da aka dama da ƙullin gyaɗa, ya ci adas da karas, sannan aka ba shi dabino ɗaya, ya riga ya cika biyar ɗin. Idan dabino ya yi yawa a ɗaki, ya fi kyau a sayar da wani a sayo ƙwai, ko a yi musaya da maƙwabci mai wake.

Ƙwallon dabino da maƙogwaron yaro

Haɗari na biyu shi ne mai kisa cikin mintuna. Hanyar numfashin ƙaramin yaro ba ta fi kaurin ƙaramin yatsansa ba. Haƙoran tauna na farko sukan fito ne tsakanin wata 13 da wata 19, na biyu kuma sai tsakanin shekara biyu da uku. Kafin nan, yaro yana iya gutsura da haƙoran gaba amma ba ya iya niƙawa. Ƙwallon dabino dogo ne, mai santsi, mai tauri. Idan yaro yana gudu, ko dariya, ko kuka, ya ja numfashi da ƙarfi, ƙwallon zai iya faɗawa hanyar iska maimakon hanyar abinci. Busasshen dabino mai tauri da zabibi mai danƙo su ma suna iya dunƙulewa su toshe.

A makonnin nan hakan ta faru a ɗaya daga cikin ɗakunanmu. Uwa ta tafi gona, ta bar yaro ɗan wata ashirin a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai. Yarinyar ta ba shi dabino don ya daina kuka, kamar yadda ta ga manya suna yi. Can sai ta ga ya yi shiru, bakinsa a buɗe, idonsa a waje. Allah ya sa wata maƙwabciya tana wanki kusa, kuma ta taɓa halartar horon taimakon gaggawa. Ta kifa shi a cinyarta, ta buga bayansa, a bugu na huɗu ƙwallon ya faɗo. Yaron yana nan lafiya. Yarinyar ba ta yi laifi ba, shekarunta ne ba su kai ta san wannan ba. Muna roƙon ku, idan dole ta sa za ku bar ƙaramin yaro da yayyensa, ku ɗauke dabino ku rataye inda hannunsu ba ya kaiwa, ku kuma damƙa amanarsu ga wani babba da ya rage a gida. Ƙwallayen da manya suka tofar a tsakar gida a share su, domin mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Idan abu ya shaƙe yaro

Idan yana tari da ƙarfi, ko yana iya kuka, iska tana shiga. A bar shi ya yi ta tarin, a tsaya kusa da shi. Idan kuwa ya yi shiru, ba ya iya kuka ko tari, leɓɓansa sun soma canza launi, to babu jira. A ƙwala kira a tura wani ya nemo ma'aikacin lafiya, mai riƙe da yaron kuma ya fara aiki nan take:

1. A kifa yaron a kan cinya ko hannu, kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa, a tallafe haɓarsa.
2. A buga tsakanin allunan kafaɗunsa da gindin tafin hannu, da ƙarfi, har sau biyar. Bayan kowane bugu a duba ko abin ya fito.
3. Idan bai fito ba, kuma yaron bai kai shekara ɗaya ba, a juya shi rigingine, a sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwansa, a danna da ƙarfi sau biyar. Ba a danna cikin jariri.
4. Idan ya haura shekara ɗaya, a durƙusa a bayansa, a dunƙule hannu ɗaya a sa tsakanin cibiya da ƙahon zuciya, a kama da ɗaya hannun, a ja ciki da sama lokaci ɗaya, sau biyar.
5. A ci gaba da bugu biyar, danna biyar, har abin ya fito ko taimako ya iso.

Kada a zura yatsa a lalubi maƙogwaro idan ba a ga abin ba, domin ana iya ƙara tura shi ciki. Kada a ba shi ruwa. Kada a kama ƙafafunsa a zazzage shi. Ko abin ya fito, a kawo yaron a duba shi a ranar, musamman idan an danna masa ciki ko ƙirji.

Akwai kuma wanda ke ɓoyewa. Wani lokaci yaro yakan shaƙe, ya yi tari, sannan ya lafa, a ɗauka ya wuce, alhali guntun ya gangara cikin huhu. Idan bayan haka tari ya ƙi ƙarewa, ko numfashinsa yana fito, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kawo shi, kuma a faɗa wa likita cewa ya taɓa shaƙewa da abu kaza ranar kaza. Irin wannan sai an ɗauki hoto a asibiti a Sabha. Wanda kuwa ya haɗiye ƙwallo ya wuce ciki, mafi yawa yakan fita da bayan gida. A sa ido: in an ga amai, ko ciwon ciki, ko ya ƙi cin abinci, ko yawu yana zuba ya kasa haɗiya, a kawo shi.

Ma'aikatan lafiya suna koyar da wannan taimako da 'yartsana. Karantawa daban, gwadawa da hannu daban. Duk gida a samu ko mutum ɗaya da ya koya.

Haƙora

Busasshen ɗan itace yana manne wa haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukarin su fitar da tsami, tsamin kuma yana cin ɓawon haƙori. Bayan an gama ci, yawu yakan wanke tsamin a hankali. Yaron da ke gutsurar dabino yini guda, bakinsa ba ya samun wannan hutu. Shi ya sa dabino biyu a lokacin abinci sun fi sauƙi ga haƙori a kan biyun da aka yi ta tsotsa daga hantsi zuwa la'asar. Hukumar lafiya ta Ingila ma shawarar da take ba iyaye ke nan: a ba yara busassun 'ya'yan itace tare da abinci, kada a ba su tsakanin abinci da abinci. Mafi muni shi ne yaro ya yi barci da dabino a kunci, domin yawu yana raguwa cikin barci.

Wasu suna cewa ai haƙoran yarinta ne, za a yi famfara. Famfara ba ta farawa sai wajen shekara shida, haƙoran tauna kuwa sukan kai shekara goma zuwa sha biyu. Ruɓaɓɓen haƙori yana hana yaro ci da barci, yana iya yin ƙurji, kuma likitan haƙori ba ya kusa da mu. Da zarar haƙorin farko ya fito a soma goge shi sau biyu a rana, ɗaya kafin barci, da burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara uku ba. Idan babu burushi, a naɗa tsabtataccen ƙyalle a yatsa a goge. Bayan cin dabino a ba shi ruwa ya kurɓa.

Tsabta da ajiya

Dabinon da aka tsinto daga ƙasa, ko aka shanya a fili, yana kwasar ƙura da ƙuda da kashin dabbobi, balle idan iskar gibli ta taso. Kafin a ba yaro, a wanke da ruwan sha mai tsabta, mai bayarwa kuma ya wanke hannu da sabulu. A tsaga kowane ɗaya a duba cikinsa, domin tsutsa da ƙwaro a gefen ƙwallo suke ɓuya. Wanda ya yi baƙin gari a ciki, ko fumfuna, ko warin tsami, a zubar. Kada a yanke wurin da ya lalace a ba yaro sauran. Fumfunar da ke kama busasshen ɓaure da gyaɗa da masara tana iya fitar da guba mai cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A ajiye dabino a mazubi mai murfi, a inuwa, sama da ƙasa. Mai danshi kada a ɗaure shi a leda.

Yawan dabino ko zabibi yana iya sa yaro zawo da kumburin ciki. Idan zawo ya kama shi, ko mene ne sanadi, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a karɓi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ƙwayar zinki a wajen ma'aikatan lafiya. Zinkin ana shan sa kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Ruwan jiƙon dabino ba ya maye gurbin wannan, zaƙinsa ma yana iya ƙara zawon.

Jarirai

Daga haihuwa zuwa wata shida, nonon uwa kaɗai ya wadatar, ko ruwa ba a ƙarawa, duk da zafin Fezzan. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa ta yawaita shayarwa, kuma ita dabino yana da amfani a gare ta. An tambaye mu game da sunnar shafa wa jariri taunannen dabino a ganɗa bayan haihuwa. Mu ba masu fatawa ba ne. Abin da muka lura shi ne, wannan ɗan shafawa ne sau ɗaya, kuma ya bambanta da ɗura wa jariri ruwan dabino kullum kafin nono ya kawo. Ɗurar tana kawo zawo, tana kuma rage masa tsotso. A sa jariri a nono cikin awa ta farko, ya sha dakashi, domin shi ne rigakafinsa na farko. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara ɗaya, ko ɗigo.

Daga wata shida zuwa shekara ɗaya, idan za a ba da dabino, sai wanda aka jiƙa aka dame shi ya zama kamar kunu, rabin guda ya isa, a gauraya a cikin abincinsa. Ba a ba shi guntu a hannu, ba a ba shi zabibi ɗungum.

Namu na gida

Masu zuwa daga Agadas da Damagaram da Kano sukan kawo tsaraba, kuma an yi mana tambaya a kansu. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa ko bayan ya bushe. A tankaɗe, a fitar da ƙwallaye, a zuba cokali ɗaya a kunun yaro bayan an sauke ya huce. Tsamiya a kunu babu laifi idan an tace. Magarya da aduwa da kanya da ɗinya duk masu ƙwallo ne, kada a ba ƙaramin yaro su haka nan. Goruba ta fi ƙarfin haƙoransa. Busasshiyar aya da gyaɗa da ba a niƙa ba, a bari sai ya kai shekara biyar, amma ƙullin gyaɗa da aka dama a kunu yana da kyau ƙwarai. Kunun aya da dabino a tace shi da kyau, a ba shi kaɗan a kofi, a ranar da aka yi shi, domin yana saurin lalacewa da zafi.

Yadda za a ba yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku

1. A zaɓi mai taushi, a wanke, a tsaga, a cire ƙwallo da ɗan murfin da ke kansa.
2. Idan mai tauri ne, a jiƙa a ruwan ɗumi mai tsabta har ya yi laushi.
3. A yanka ƙanana-ƙanana, ko a dame. Zabibi ma a jiƙa a yayyanka.
4. Ma'aunin da ma'aikatan lafiyarmu suka ba da shi ne abin da bai wuce cikin tafin hannun yaron da kansa ba a rana: ƙananan dabino ɗaya zuwa biyu ga ɗan shekara ɗaya, biyu zuwa uku ga wanda ya haura biyu.
5. A ba shi a cikin abinci ko bayan ya ci. Dabino ɗaya da aka dame a kunu yana maye gurbin sukari, an huta da sayensa.
6. Yana zaune, babba yana wurin. Ba a goye ba, ba a cikin mota ba, ba yana kwance ba.
7. Kada a mai da shi abin rarrashi duk lokacin da yaro ya yi kuka.

Yaro a wannan shekaru yana bukatar abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu. Don abin taɓawa, dafaffen ƙwai, kindirmo, dafaffen dankali ko kabewa, guntun kankana da aka cire wa 'ya'ya, ko burodi da aka shafa wa ƙullin gyaɗa siriri sun fi dacewa. A ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Shayi kuma a rage ba yara, domin ban da sukarinsa yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci.

Idan azumi ya zo, masu kyauta za su kawo dabino da zabibi da yawa. Ƙa'idar ita ce dai wannan. Wajen buɗa baki kowa hankalinsa yana kan kwanonsa, to a nan ne za a fi lura da hannun ƙanana.

Ku kawo yara awo

Ana auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa shekara biyar da ɗan zaren awo mai launi uku. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, yaro yana lafiya. Ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta soma. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa mai tsanani ce, sai magani nan take. Haka ma idan ƙafafunsa biyu suka kumbura. Waɗanda suka fito daga Maraɗi za su tuna ƙunshin gyaɗar tamowa da aka yi ta raba wa yara a shekarar 2005. Wannan ƙunshi magani ne da aka haɗa da madara da mai da bitamin, kuma dabino ba ya yin aikinsa. Idan an ba yaro, nasa ne shi kaɗai, kada a raba da yayye, kada a sayar.

Mun san wasu suna jin tsoron fitowa da yaro mara lafiya saboda rashin takardu, ko don ba sa jin Larabci. Ku zo ofis ku same mu. Za mu zauna da ku, mu fassara, mu nemi hanyar da ta fi aminci tare da jami'in kariya, kuma abin da kuka faɗa mana amana ne. Matan da ke fita gona ba su da mai duba musu yara su ma su zo su yi magana, ana ƙoƙarin haɗa iyaye su riƙa karɓa-karɓa.

Mun koma wajen Inna mun karanta mata wannan bayani kafin a buga shi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "To ai mu ma ba ma ba yaro da ƙwallo, daka shi muke yi da cuku da gero. Ku rubuta wannan." Mun rubuta, Inna. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi.